Jawabin taron ƙungiya: haƙƙin maƙwabtanmu Kirista



Yau maganarmu a kan Kiristan da ke zaune tare da mu ne. A Damargu, daga Tanut har Belbeji, ba su da yawa, amma ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Tun 1924 ƴan mishan suka zauna Damagaram, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa.

Abin da ya kamata mu lura da shi, shi ne zamansu. A majami'a Bahaushe da Buzu da Bayarabe benci guda suke zama. Mata suna da zumuntarsu, su ke gaida marar lafiya, su ke taya mai haihuwa aiki. Baikon ran Lahadi, gwauruwa da maraya suna da rabo a ciki. Asibitin Galmi da suka buɗe a 1950 yana karɓar Musulmi da Kirista, ba a tambayar kowa addininsa kafin a ba shi magani.

Amma mun san abin da ya faru ran Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram, har aka yi hasarar rayuka. Yawancin masu wannan ɓarna samari ne, sa'o'in ƴaƴanmu.

Saboda haka aikin yana wuyanmu, malaman lakwal da iyaye. Mu koya wa yara cewa maƙwabci yana da haƙƙi, ko wane addini yake bi. Ran biki mu gayyace su, ran rasuwa mu je masu gaisuwa.

Allah ya zaunar da mu lafiya.