Ɗaukar Hoton Namun Daji: Jawabi ga Matasan Sabo, Ibadan



An ce in yi magana a kan sana'ata. Da yawanku kun san ni da hoton biki da suna, to yau maganar hoton tsuntsaye da namun daji zan yi. Wani ya tare ni a bakin ƙofa yana tambayar hukuncin hoto. Wannan na bar wa malamai, ga su nan zaune.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, kyamara ba ita ce farkon wannan aiki ba. Kakanninmu maharba sukan ɗaura kan burtu a goshi, su duƙa suna tafiyar tsuntsu har su kusanci barewa ba ta ankara ba. Wannan haƙuri da sanin halin dabba shi ne jarin. Mu dai hoto muke komowa da shi gida, dabbar kuma ta ci gaba da kiwonta.

Kuma ba sai an je Yankari ba. Nan cikin Ibadan, a harabar IITA, akwai kurmi mai tsuntsaye iri fiye da 200, sai dai a nemi izini kafin a shiga. A wannan yanki ne ake samun wani tsuntsu baƙi da ja, dangin marai, wanda masana suka sa wa sunan Ibadan a 1958. Babu shi ko'ina a duniya sai ƙasar Yarabawa, kuma yana ƙarewa saboda saran daji. Mu da aka haifa a garin nan, mutum nawa ne ya taɓa ganinsa? A dajin Omo na Jihar Ogun kuwa har giwaye akwai. Na kwana uku can ina fako, abin da na samu kawai hoton kashinsu da sawunsu. Ku yi dariya, amma ranar na koyi duba inda iska ke kaɗawa, don giwa da hanci take gane mutum.

Da an idar da sallar asuba ake fita, kafin rana ta yi zafi tsuntsaye sun yi shiru. A bar farar riga a gida, a sa mai duhu. Turare kuma, jama'a, ku yi haƙuri da shi sai Juma'a. Cikin kurmi akwai duhu, hannu na ɗan rawa hoto ya lalace, saboda haka a jingina da itace ko a kafa kyamara a kan ƙafafunta. Kada a taɓa sheƙa, kada a kori tsuntsu daga kan ƙwai don neman hoto.

Batun kuɗi, ba zan ruɗe ku ba. Kada wanda ya bar sana'arsa tukuna. Ni har gobe hoton biki ke ciyar da iyalina, na daji kuwa masu kalanda da masu aikin kare daji ke saye jefi-jefi, wani lokaci kuma baƙi su biya ni in yi musu jagora. Ka fara da wayarka da ɗan littafi, kana rubuta abin da ka gani da wurin da lokacin. In ka yi wata shida ba ka gaji ba, sai mu nemo maka kyamara ta hannu.

Mai sha'awa ya same ni bayan an tashi. Ranar Asabar zan fita, akwai wurin mutum uku a mota. Wassalamu alaikum.