Baƙin Tabo a Fuska: Jawabi a Taron Matan Ƙungiya



Maganata a kan baƙin tabon da ƙuraje ke bari ne, da duhun da ke sauka a kumatu da goshi lokacin goyon ciki. Fatarmu tana da yawan melanin, shi ya sa ƙaramin ƙurji ma in an matse shi sai ya bar shaida ta watanni.

A gida, a fara da man kariya daga rana, SPF 30 ko fiye, kullum. Na ga wasu na murmushi, wai baƙar fata da man rana! To, ranar ce ke ƙara wa tabon duhu. Sai man azelaic acid, wanda ko mai ciki ana ba ta. Tretinoin kuwa mai ciki kada ta taɓa.

Abin da ya fi damuna man bilicin ne da muke kai wa gida tsaraba. Tun 2001 aka hana sa hydroquinone a man kwalliya a nan Ingila, sai da takardar likita, domin daɗewa ana shafa shi kan bar wani baƙi mai wuyar fita. Dermovate kuma maganin cutar fata ne mai ƙarfi, yana sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito. Don Allah mu daina cusa su a akwati.

Mai son leza ko ɓare fata da sinadari ta je wurin likitan fata da ya saba da baƙar fata, ta ce ya fara gwadawa a ɗan wuri kaɗan. In na'urar ta yi zafi da yawa, sabon tabo za ta haifar.