Taura biyu ba ta taunuwa: jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Sarkin Yamma



Ku dubi sassaben zamani, wanda malamin gona Tony Rinaudo ya soma nan jihar Maraɗi a 1983. In kututturen kalgo ya yi toho barkatai, manomi ya bar huɗu ko biyar masu ƙarfi, ya sare sauran. Ta haka Nijar ta raya itatuwa wajen miliyan 200.

Shugabanci ma haka yake. Maigarin da ya kama rijiya, makaranta da rumbun tsimi rana guda, ba ya gama ko ɗaya. A zaɓi aiki guda, a kai shi ƙarshe.

Kai ma ɗalibi, riƙe karatunka har ka karanta awon gyaɗarka da kanka, kada a cuce ka a sikeli.

Allah ya ba mu damina mai albarka.