Ƙwayoyin Cuta Ƴan Tauri

Jama'a masu saurare, ɗaliban yaƙi da jahilci na Magariya da Dungas, yau hirarmu a kan maganin da ya daina ci ne.

Kun san ɗan tauri: a sa masa wuƙa, ta ƙi kama shi. To, cikin ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, akwai ƴan tauri. Maganin da ake kira antibiyotik, irin su amoksisilin, shi ne wuƙar. In ana shan sa barkatai, sai masu rauni su mutu, masu tauri su saura su hayayyafa.

Taurin nan yana cikin wani ɗan abu a jikin ƙwayar, wanda masana ke kira ƙwayar gado. Tana gadar da shi ga ƴaƴanta. Tana kuma iya miƙa shi ga maƙwabciyarta, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kamar yadda ake ba aboki laƙani.

An ga haka a Maraɗi. Daga 2007 zuwa 2008, an auna kashin yara 55 da tamowa ta kwantar a asibiti. Ranar shiga, kusan ɗaya cikin uku na ɗauke da masu tauri a hanji. Cikin waɗanda suka shigo ba su da su, aka sake aunawa ranar sallama, fiye da tara cikin goma sun ɗauka. Laƙanin da ya fi yawa sunansa CTX-M-15. Har allura mai ƙarfi yana karyawa.

Asibitin Magariya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta kama aiki a 2005, yakan cika da yara da damina, saboda zazzaɓin sauro da tamowa. Inda gado ya matsi gado, hannu ke kai ƙwayar daga wannan yaro zuwa wancan.

Kada wannan ya hana ku kai yaro asibiti da wuri. Ga abin yi:

Mai jinya, wanke hannu da sabulu bayan kin yi wa yaro tsarki, da kafin ki ba shi abinci. Kada yara biyu su sha da kofi ɗaya.

Maigida, kada ka sayi kafso hannun mai talla a kasuwa. Mura ba ta buƙatar antibiyotik. Sha magani yadda likita ya ce, kada ka ba wani ragowarsa. In yaro ya sha wani abu a gida, gaya wa likita.

Ku tattauna wannan da malaminku a aji. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.