Jawabi a Kan Masu Ƙaura Daga Ikko Zuwa Mowe da Ibafo

 

Abin da ya tara mu a yau maganar muhalli ce. Kowa ya san yadda haya ta zama a Agege da Idi-Araba da Ketu. Mai gida ya ƙara kuɗi bana, baɗi ya sake ƙarawa, ga na dillali ga na lauya. Shi ya sa jama'armu da dama suka ɗaura niyyar komawa Ibafo da Mowe, wasu kuma Sango Ota. Ba mu ce kada a je ba. Kakanninmu ma da suka kafa Zangon Agege, goro da hanyar jirgin ƙasa suka biyo, lokacin wurin ƙauye ne. Amma a je da ido buɗe.

Da farko a sani, da ka tsallake Berger ka hau doguwar gadar nan, ka bar Jihar Legas, ka shiga Jihar Ogun. Gwamnati daban, ofishin filaye daban. To a nan ne ake cin kuɗin mutanenmu. Waɗanda Yarbawa ke kira omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa, sai su sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku. Ka biya kuɗin fili, ka zo haƙa tushe a ce kawo, ka kai linta a ce kawo, ranar rufi ma a ce kawo. Jihohin Legas da Ogun duk sun yi dokar hana ƙwacen fili a 2016, amma doka ba ta ceton wanda ba shi da takarda. Mu mun saba da ciniki na amana, a yi musafaha a ce Allah ya sa albarka. Wallahi fili a nan bai san wannan ba. A samu safiyo ya auna, lauya ya bincika ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin, a rubuta yarjejeniya da shaidu daga dangin masu ƙasar, ba yaro ɗaya mai bakin zaƙi ba. Ai ko Alƙur'ani ya umarce mu da rubuta bashi, balle gida.

Sannan kada a sayi fili da rani. A je da damina a gani. Yankin Kara da Isheri da Warewa, duk lokacin da aka saki ruwan dam ɗin Oyan, kogin Ogun yakan shiga har ɗaki. Araha ba ta ado.

Sai hanya. Mai shanu a Kara, Ibafo kusa ce gare shi. Amma mai kayan gwari a Mile 12 da zai tari mota kafin asuba, ya lissafa kuɗin mota da gosulo kafin ya ce ya huta da haya. Masu son ɓangaren Agbado su sun ɗan samu sauƙi, tunda jirgin ƙasan da ake kira Red Line ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana bi ta Agege har Oyingbo.

Abin da ya fi damunmu shi ne zaman ɗaiɗai. A cikin Ikko muna da masallaci, muna da Islamiyya, muna da maƙabarta, in abu ya taso akwai Sarki. A can mutum ya gina gidansa shi kaɗai a cikin daji, matarsa ta haihu ba maƙwabciya, yara su tashi ba allo ba Hausa. Kuma ƙananan garuruwan nan suna riƙe da al'adunsu fiye da birni. Akwai bikin Oro, wanda mace ba ta fita in ana yinsa. Manyanmu ba su manta da abin da ya faru a Shagamu a 1999 ba, rayuka suka salwanta, har abin ya kai Kano. Don haka duk wanda ya sauka, ya fara kai gaisuwa wurin Baale, ya shiga ƙungiyar masu gidaje ta unguwa, ya biya kuɗin 'yan sintiri, ya tambayi ranakun da ba a fita.

Shawarar da muke kawo wa ƙungiya ita ce mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi a sayi fili wuri ɗaya, da lauya ɗaya, a ware na masallaci da makaranta da rijiyar burtsatse tun kafin a raba. Mai buƙata ya ba sakatare sunansa bayan an shafa fatiha.