Ba Gudu Kaɗai Ke Kisa A Hanya Ba

'Yan'uwa, duk wanda ya san hanyar Sakkwato zuwa Jega, wadda ta ratsa Bodinga da Shagari, ya san nawa ma tana cin rayuka a kanta.

Ga babbar mota an labta mata albasa fiye da ƙarfinta, tana jan ciki da daddare, ba fitilar baya. Ɗan tasi na tafe da gudun kilomita 80, wanda doka ta yarje masa, kafin ya ankara ya shige ƙarƙashinta. Gari na wayewa a ce gudu ne, mai lodin kuwa ba mai tambayarsa!

A manyan tituna irin na Kaduna zuwa Abuja, doka ta hana tafiya ƙasa da kilomita 45 a awa, kamar yadda ta hana ƙaramar mota wuce 100. Hanyar nan tamu ba irinsu ba ce, amma haɗarin ɗaya ne.

Motar da ba ta da lafiya ta zauna tasha a gyara ta. Wadda ta mutu bisa kwalta a tura ta gefe, duwatsun da aka tare tayunta da su kuma a kwashe su kafin a tashi.