Fita Hutu da Iyali Daidai Aljihun Malami



Kwamitin walwala ya ɗora mana nauyin magana a kan abin da ba a saba jin sa a taronmu ba. Mun saba taruwa a kan ƙarin girma da kuɗin hutu da fansho da cunkoson ajujuwa. Yau kuwa batun fita da iyali yawon buɗe ido za mu tattauna. Mun san akwai wanda ya riga ya ce a ransa, mutumin da albashinsa ke ƙarewa kafin ashirin ga wata, ina shi ina yawon buɗe ido? Tambayar tana kan hanya, kuma ita muka zo amsawa.

Ga mafarin zancen. Wani abokin aikinmu ya ba mu labarin 'yarsa 'yar aji huɗu na firamare, wadda ta ga hoton tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya a wayarsa: farin yashi, shuɗin ruwa, itatuwan kwakwa. Ta ce, "Baba, yaushe za ka kai mu?" Da dare ya zauna ya yi lissafi. Fasfo na mutum shida, kuɗin jirgi zuwa da dawowa, masauki da abinci da ake biya da kuɗin waje. Ya tarar ko albashin shekara guda ya tara bai taɓa ba, ba zai kai ba. Washegari a aji yana koyar da darasin koguna da fadamun Jihar Jigawa, ya rubuta Baturiya a allo, sai ya tuna shekararsa goma sha biyar yana rubuta wannan suna, ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin ba. Da ya faɗa mana haka a ofishin malamai, muka dubi juna, don kusan dukanmu haka muke.

Abin da ya kamata ya dame mu ke nan. Mu ne muke cewa tafiya mabuɗin ilimi, mu ne muke cewa gani ya kori ji, amma 'ya'yan da muka haifa sun san tsibiran wasu ƙasashe ta waya, ba su san abin da ke bayan dutsen garinsu ba. Hutu ya zo, uba ya tafi gona ko kasuwa ko darasin ƙari don cike giɓin albashi, uwa tana fama da girki da wanki, yara suna gararamba a layi har a koma makaranta. Yaron da ya tashi a haka yakan ɗauka cewa duk abin sha'awa a wata ƙasa yake, ƙasarsu kuwa wurin haƙuri ce kawai. Tunani ne mai tsada, kuma maganinsa ba shi da tsada.

Bari mu fara da inda za a je, daga kusa zuwa nesa.

Na farko, cikin Dutse kanta. Akwai tsohon gari a Garu, inda tsohuwar fada take a tsakanin duwatsun da suka ba garin sunansa. Akwai hasumiyar Saminu Turaki. Akwai reshen binciken dabino na cibiyar NIFOR, inda yaro zai ga cewa dabino yana da namiji da mace, kuma da hannu ake barbararsa idan ana son ya yi 'ya'ya sosai. Akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Yarinyar da ta taɓa shiga harabarta tana ƙarama, ba za ta ji tsoron burin komawa can ba. Wannan fita ta rabin yini ce, kuɗin a-daidaita-sahu kawai take ci.

Na biyu, Birnin Kudu, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga nan. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zane-zanen shanu a jikin dutse, waɗanda mutanen da suka yi tun ba a san zamaninsu da tabbaci ba. Shanun da aka zana dogayen ƙahoni gare su, kuma ba su da tozo, saɓanin waɗanda muke gani a kasuwanninmu yau. A tsakiyar shekarun 1950 masanin tarihi Bernard Fagg ya yi nazarin wurin, ya kuma bayyana wa duniya wasu duwatsu da ke can, waɗanda in an buga su suke amo kamar ƙararrawa. Wuraren suna cikin kayan tarihin ƙasa da hukuma ke kula da su. A garin kuma akwai tsohuwar Kwalejin Gwamnati, wadda ta yaye mutane irin su Aliko Ɗangote. A tafi da safe, a dawo kafin magariba.

Na uku, Haɗeja da fadamar Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma. Wannan ita ce tafiyar kwana. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna malala a wannan yanki kafin su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Cadi. A 2008 aka saka Baturiya cikin jerin fadamun da duniya ta amince da muhimmancinsu ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Lokacin da sanyi ya tsananta a Turai, tsuntsaye sukan ƙetare teku da hamadar Sahara su sauka a nan. Wato abin da Bature ke biyan kuɗin jirgi ya zo kallo, mu kuɗin mota kawai zai ci mana. Yaran za su ga kwalekwale da masunta da tudun ƙasa da ruwa ya kewaye, tsibiri ke nan ko da babu kwakwa. Za su ga ciyawar kacalla da ke toshe hanyoyin ruwa, su fahimci abin da ke damun manoma da masuntan yankin. A cikin garin Haɗeja kuma a nuna musu fada, a ba su labarin yaƙin 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa har ya rasa ransa.

Sai lokaci. Dogon hutu yakan faɗo cikin damina, lokacin da yawancinmu muna gona, koguna sun cika, sauro ya yi yawa, wasu hanyoyin kuma sun yanke. Ambaliyar 2022 ba ta bar zukatanmu ba. Hutun wajen Afrilu kuwa bazara ce, zafi kan haura digiri 40, ƙaramin yaro ba ya jure shi a cikin mota. Saboda haka hutun Disamba ya fi dacewa. An gama girbi, abinci ya yi sauƙi, ruwa ya ja baya, kuma daidai lokacin ne tsuntsayen suke nan. Abin lura kawai shi ne sanyi da ƙurar hunturu.

Yanzu ga uwa uba, kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama shi ne kaso mafi girma a kowace tafiya. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka kafa doka a kansa a 2024 kuwa, tsadar kaya ta riga shi isa kasuwa. Don haka muna ba da shawara uku.

Shawara ta farko, kada a ci bashi don hutu. Hutun da za a shafe zango guda ana biyan bashinsa ya zama horo. Daidai ruwa, daidai tsaki. A fara tanadi tun watan Fabrairu. Misali, wanda ya ware Naira 3,000 duk wata, kafin ƙarshen Nuwamba yana da 30,000. Mai iya ware 5,000 yana da 50,000. Adashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, da shi muke sayen taki da ragon layya da kayan ɗaki. A buɗe guda na musamman, a ajiye kuɗin inda ba za a taɓa ba.

Ta biyu, a haɗa kai. Iyali ɗaya in ya ɗauki shatar mota zai ji jiki, amma iyalai uku a bas guda, kuɗin ya kasu uku. A je tasha mako guda kafin ranar, a yi ciniki ta hannun shugabannin direbobi, a ga motar da ido, a dubi tayoyinta, a kuma yanke maganar ko kuɗin ya haɗa da mai da jira. Wajen masauki kuma, ƙungiyarmu tana da mambobi a ƙananan hukumomi 27 na jihar nan. Wasiƙa guda daga wannan reshe zuwa na Haɗeja tana iya sama mana wurin kwana da ɗan jagora, mu ma mu rama musu ranar da suka zo ganin duwatsunmu.

Ta uku, a raba kuɗin kashi huɗu tun daga gida: na mota, na abinci, na shiga wurare da ihsanin ɗan jagora da 'yar tsaraba, sai na huɗu da za a ƙulle don larura. Wannan na ƙarshe a ba wanda ya fi kowa riƙo a gidan, ko da uwargida ce, kuma sau da yawa ita ce. Guzuri a yi shi a gida: dambun nama, cincin, dafaffen ƙwai, gyaɗa, dabino, zoɓo, da jarkar ruwa mai tsabta. Sayen abinci a bakin hanya shi ke cinye aljihu a ɓoye, shi ne kuma ke jawo gudawa.

Tafiya da ƙananan yara tana da nata hukunci. A tashi bayan sallar asuba, da sanyin safiya akan kama fara, kuma kada a yarda dare ya yi a hanya. A tsaya aƙalla duk bayan sa'a guda da rabi su miƙe ƙafa su yi fitsari. A ɗauki rigunan sanyi da man shafawa da gidan sauro da maganin zazzaɓi na yara da katin asibiti. A ɗauki ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. A rubuta sunan uba da lambar waya a takarda a sa a aljihun kowane yaro. A bakin ruwa kuwa babu sassauci. Kada yaro ya yi wanka ko wasa a kwantaccen ruwa, don a nan ake ɗaukar tsargiya. Kada a shiga kwalekwalen da aka cika maƙil, kada a shiga da yamma, kada a shiga in babu rigar kariya daga nutsewa. Jihar nan ta yi jana'izar mata da yara da yawa sanadin kifewar kwalekwale. Kallo daga gaɓa ya wadatar.

Ba da ka muke wannan magana ba. A Disambar bara iyalai uku daga cikinmu mun gwada zuwa Birnin Kudu, kuma mun yi kurakurai. Mun ce ƙarfe bakwai, ba mu tashi ba sai tara da rabi, saboda direban ya tsaya neman mai. Mun manta tabarma. Mun cika wa yara ciki da ƙosai kafin tashi, biyu suka yi amai tun ba mu yi nisa ba. Mun kuma tsara wurare huɗu, ƙarfin yaran ya ƙare a na biyu. Darasin da muka koya shi ne, wuri ɗaya ko biyu a yini sun isa, sauran lokacin a bar su su yi wasa a inuwa. Duk da haka, da wani yaro ɗan shekara shida ya buga dutsen nan ya ji amonsa, ya juyo yana dariya yana kiran uwarsa ta zo ta ji, duk gajiyar ta gushe. Har yau in an zauna cin tuwo a gidajenmu, zancen yakan dawo.

Akwai abu biyu da muke roƙo. Na ɗaya, mu malamai ne, hannunmu ba ya rabo da jan biro. To, a bar shi a gida. Kada a mayar da fitar jarrabawa. A ba yaro littafi da fensir ya zana abin da ya gani, in ya yi tambaya a amsa, in ba a sani ba a tambayi mutanen wurin a gabansa, ya ga cewa babansa ma ɗalibi ne. Na biyu, kada a bar iyaye mata a gida, kada kuma a tafi da su don su ci gaba da aikin da suka baro. Ranar nan maza su ɗauki kaya, su riƙe yara, su zuba abinci. Malama da ke aji da safe, take murhu da yamma, ita ta fi kowa cancantar hutun.

A ƙarshe, muna gabatar wa reshe shawara cewa kwamitin walwala ya buɗe rajistar masu sha'awa kafin ƙarshen wannan zango, ya tsara adashin, ya rubuta wa rassan Birnin Kudu da Haɗeja da Kirikasamma, sannan ya kawo rahoto a taro na gaba. Wanda ba shi da halin tafiyar kwana, ya yi ta yini. Wanda ba shi da halin ta yini, ya kama hannun 'ya'yansa su hau Garu da hantsi.

Ita kuwa yarinyar da ta tambayi Zanzibar, mahaifinta ya ce mata a bana Baturiya za su. Ta tambaye shi ko akwai ruwa, ya ce akwai, har da tsuntsayen Turai. Tun daga ranar take ƙirga watanni. In ta yi karatu, watarana ita za ta kai shi wancan tsibirin.

Allah ya sa albarka a albashinmu, ya raya mana zuriya, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.